Yadda ake renon murtsunguwa mai jar hula a ɗaki a Kumasi

Wannan 'yar murtsunguwa mai jan kai ko rawaya da masu sayar da furanni ke jerawa a bakin titi, tsiro biyu ne aka yi wa aure, kamar dai mangwaro ɗan aure. Kan nan mai launi asalinsa daga Faraguwai da arewacin Ajantina yake, sunansa Gymnocalycium mihanovichii. Ba shi da sinadarin kore da tsiro ke haɗa abinci da shi, don haka koren gindin mai kusurwa uku, Hylocereus, shi ke ciyar da shi. Idan gindin ya mutu, kan ma ya tafi.

A Kumasi ruwa ne ke kashe ta, ba ƙishi ba. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi za ka samo, faɗinta kamar santimita 10. Ta roba tana riƙe laima. Ka haɗa gwangwani 2 na yashin rafi mai tsakuwa, 1 na baƙar ƙasa, 1 na dakakken gawayi. Yashin bakin teku da gishiri, a bar shi. Bayan dashe kada ka zuba ruwa sai an yi mako guda, saiwar da ta karye ta warke tukuna.

Kafin kowane ban ruwa, soka tsinken tsire har ƙasan tukunya. Ya fito da danshi, ka ƙyale ta. Ya fito a bushe, ka zuba a gefen tukunya, ba a kan murtsunguwar ba, har ruwa ya fito ta huda, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti. Da damina, wato daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, takan yi mako 3 ba ta nemi ruwa ba, musamman a ɗakunan unguwannin Aboabo da Asawase masu taga ɗaya da iska ba ta ratsawa. Da hunturu kuwa kwana 10 ya isa, kuma ka riƙa share mata ƙura da burushi mai laushi.

Tagar gabas ta fi dacewa da ita. Ranar azahar tana ƙona kan, ya yi fari-fari.

Gindi ya yi laushi ya koma ruwan ɗorawa daga ƙasa? Ruɓa ce, magani ba ya mayar da shi. Amma ana ceton kan. Goge reza da sifirit, ka yanke kan daga inda yake lafiya, ka sare saman sabon gindi a miƙe. A tsakiyar kowane yanka za ka ga ɗan zobe. Tilas zobban nan biyu su haɗu, ta nan abinci ke wucewa. Ɗaure su da robar ɗaurin kuɗi guda 2 ta ƙarƙashin tukunya, ka ajiye a inuwa mako 2, ruwa kada ya taɓa yankan. 'Ya'yan da ke fitowa a jikin kan ma haka ake aurar da su. In ka shuka su a ƙasa, bushewa za su yi.

Reshen da gindi ya fitar, yanke shi, yana cinye rabon kan. Farin ƙwaro mai kama da auduga a tsakanin ƙayoyi kuwa, auduga da sifirit ke ɗauke shi, a maimaita bayan mako.