Yadda Ake Rarrabe Kalmomin Turanci Masu Nufin Cinna Wuta da Tunzura Jama'a

Mai karanta jaridun Turanci, ko mai fassara labarai zuwa Hausa, yakan ci karo da jerin kalmomi waɗanda ƙamus ke dunƙule su a ma'ana guda, wato tunzurawa, alhali kowacce da irin nauyinta. Hanyar da ta fi sauƙi wajen rarrabe su ita ce a bi kowace kalma zuwa tushenta, domin yawancinsu har yanzu suna ɗauke da hoton aikin da aka fara ambata da su.

Da farko a duba ko akwai wuta a asalin kalmar. Tushe huɗu na Latin ne suka fi yawa a nan. Daga *ardere*, wato ƙonewa, aka sami *arson*, wadda ta shiga Turanci ta hanyar Faransancin da lauyoyin Ingila suka daɗe suna aiki da shi bayan mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066. Ita kalmar shari'a ce, kuma tana nufin cinna wa dukiya wuta da gangan, saboda haka kuskure ne a kira ta gobara kawai, tunda gobara tana iya tashi ba da hannun kowa ba. Daga *ignis*, wato wuta, aka sami *ignite*, kunnawa ta farko, da *ignition* da direbobi suka sani wajen tayar da mota. Daga *flamma*, harshen wuta, aka sami *inflame* da *inflammatory*, kuma wannan ta biyun likita yana amfani da ita wajen kumburi mai zafi, alƙali kuma wajen kalaman da ke harzuƙa mutane.

Tushe na huɗu, *incendere*, ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ya haifi *incendiary*, wadda ke iya zama bam mai tayar da gobara, ko mutumin da ya cinna wutar, ko jawabin da ke neman kunna fitina, kuma kalmomin da ke kewaye da ita ne za su nuna wanne ake nufi. Saiwarsa tana nufin haskawa, kuma daga gare ta aka sami *candle*, kyandir ɗin da muka ara, da *incense*, turaren wuta. Idan aka mayar da ƙarfin furuci kan gaɓa ta biyu, *incense* ɗin nan ta zama aikatau mai nufin fusata mutum matuƙa.

Mataki na biyu shi ne a yi hattara da ɗafa-goshin *in*. A kalmomi da dama yana kore ma'ana, amma a *inflammable* ƙarfafa ta yake yi, don haka *inflammable* da *flammable* duk abu ɗaya suke faɗa: abin yana saurin kama wuta. Wanda ya ga rubutun a jikin tankar mai ya ɗauka cewa ba ta ƙonewa ya jefa kansa cikin haɗari, kuma wannan ruɗanin ne ya sa masu rubuta gargaɗi suka fi son gajeruwar. Abin da ba ya kama wuta *non-flammable* ake ce masa.

Bayan nan sai a ware kalmomin murhu, waɗanda ba su biyo ta Latin ba, kuma a ganina sun fi kusa da tunanin Bahaushe. *Kindle* daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai take, tana nufin hura wuta daga ƙanƙanin abu, kuma sau da yawa alheri take ɗauke da shi, kamar tayar da sha'awa ko fata. *Stoke* ta samo asali daga kalmar mutanen Holan ta mai iza wa tanda makamashi, don haka ta dace da wanda ya tarar da rikici yana ci ya ƙara rura shi. *Firebrand* bakin wuta ne, icen da aka zaro daga murhu kansa yana ja, kafin ta koma sunan ɗan siyasa ko mai wa'azi mai zafin harshe. *Tinderbox* kuwa ɗan akwati ne da ake ajiye ƙyastu da busasshen ƙyalle a ciki kafin zuwan ashana, shi ya sa ake kiran yankin da ke jiran ƙiris ya kama da wannan suna.

Rukuni na ƙarshe babu wuta a cikinsa ko kaɗan, kuma a nan aka fi yin kuskure. *Provoke* daga *vocare* ta Latin take, wato kira, ma'ana a kirawo mutum ya fito fili, saboda haka tsokana ko takala ce, kuma martanin yakan dawo kan mai yin ta. *Incite* motsawa ce, a zuga wani ya auka wa na uku, kuma ita ce kotuna ke aunawa. A 1969 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Brandenburg da jihar Ohio, ta yanke cewa ba za a hukunta maganar zuga ba sai an nufe ta da haddasa karya doka nan take, kuma da yiwuwar ta haddasa. *Instigate* tsikara ce da abu mai tsini, tana nuna wanda ya ƙulla abin tun farko, sau da yawa daga bayan fage. *Foment* asalinta a wurin jinya yake, gasa wa mara lafiya jiki da ruwan ɗumi, shi ya sa ake amfani da ita ga tawaye ko tarzomar da aka ɗauki lokaci ana reno, ba ga faɗan da ya ɓarke cikin dare ɗaya ba.