Darasi na 9: Langa da 'Yar Gala-gala a Filin Makaranta

Makarantu da yawa ba su da ƙwallo ko raga, amma da wuya a samu wadda ta rasa ɗan fili. Wannan filin ya isa malami ya sa yara su yi gumi a darasin motsa jiki, in ya ɗauko wasannin dandali ya ɗan gyara musu zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kowace rana.

Mu fara da langa. Yaro zai kama ƙafarsa ɗaya ta baya, ya riƙa tsalle da ɗayar. Akan raba yara gida biyu, a fitar da "ruwa", wato wanda 'yan gidansu ke karewa har ya kai inda aka yi alama. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi, ya fita. Kada ku raina ta: langa na cikin wasannin gargajiya da ake karawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa a Najeriya, tare da dambe da kokawa.

Matsalar tana wajen fitar nan. A dandali da farin wata, wanda ya fita zai jira a sake sabon zubi, dare na da tsawo. A makaranta kuwa, darasin bai fi minti 40 ba. Yaron da ba shi da ƙarfi shi ake fara kayarwa, sai ya koma gindin bishiya yana kallo har a kaɗa ƙararrawa. Alhali shi ya fi kowa bukatar wasan.

To, a soke zaman. Wanda ya faɗi ya zaga fili sau ɗaya da gudu, ya dawo ya shiga da ɗaya ƙafar. Malami ya riƙa tafa hannu lokaci-lokaci, kowa ya sauya ƙafa, don kada ɗaya ta gaji ita kaɗai. A raba ajin shida-shida, a haɗa tsara da tsara. Ture da kafaɗa kawai, ban da jan riga, ban da taɗiya.

Ita 'yar gala-gala cikas ɗinta layi ne: yarinya ɗaya na tsalle, ashirin na tsaye. A zana gidaje biyar ko shida da toka maimakon ɗaya. In aka rubuta lambobi a cikin ɗakunan, yara su riƙa faɗa da ƙarfi suna tsallakawa, an haɗa da lissafi ke nan. Carafke kuwa wasan zaune ne, a bar shi sai ƙarshe, lokacin hutawa.

Kafin a fara, a share filin. Fasasshiyar kwalba da ƙusa da ƙaya ba sa raga wa ƙafar da ba takalmi. Da bazara a yi wasan da safe kafin rana ta take, a ajiye ruwan sha kusa. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa, a sassauta wa mai ciwon asma.

Aiki: Ku rubuta sunan wasa ɗaya da kuka yi da ƙuruciya. A ƙarƙashinsa ku rubuta jimla biyu kan abin da wanda aka kayar zai yi maimakon zama.