Yadda za ka zaɓi hostin na shafinka na intanet

Jama'a sun dame ni da tambayar nan a WhatsApp, musamman ƴan uwa ƴan kasuwar Kwari da Farm Centre, to ga shi. Hostin shi ne wurin da kamfani ke ba ka haya a intanet don ka ɗora shafinka.

1. Fara tantance me za ka ɗora, hotunan kaya ne da lambar waya ko shago ne da za a riƙa biya a kai. In na farko ne ƙaramin kunshi ya ishe ka.

2. Zaɓi kamfanin da ke karɓar naira, don in na dala ne irin Namecheap duk ranar da canji ya tashi kai ma kuɗinka ya tashi.

3. Duba kuɗin sabuntawa. Hattara, nan ake cin mutane, shekarar farko arha ta biyu kuma sai ka ga an ninka.

4. Tabbatar akwai SSL (makullin tsaron shafi) kyauta da saka WordPress (manhajar haɗa shafi) cikin sauƙi.

5. Tura musu saƙo da daddare kafin ka biya, ka ga ko za su amsa.

6. Tambaye su ko suna ajiye maka kwafin shafin.

7. Yi rajistar sunan shafin, wato adireshinsa na .ng ko .com.ng, da imel ɗinka. Wallahi kar ka bari wanda ya haɗa maka shafin ya sa nasa, ranar da kuka saɓa sunan ya tafi da shi.