Gidan da Ke Korar Mai Shi Waje da Dare: Kurakuran da Muke Yi Wajen Gini a Ƙasar Zafi

In ka ratsa sabbin unguwannin Birnin Kebbi a watan Afrilu bayan sallar isha'i, za ka tarar da gidajen da aka kashe wa miliyoyi, masu su kuma suna kwance a tsakar gida kan tabarma. Ɗaki ba ya shiguwa. Ka dafa bango da ƙarfe goma na dare, ka ji shi da ɗumi kamar gefen tanda. Aikina duba gini ne, kuma abin da masu gida suka fi tambayata shi ne wace na'urar sanyaya ɗaki za su saya, ko fanel nawa na sola zai ɗauke ta. Da wuya a tambaye ni ta ina zafin yake shigowa. Alhali nan ya kamata a fara, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi.

Babban kuskure yana sama, a rufi. Mu nan rana tana tsayawa daidai tsakar ka a ƙarshen Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, don haka rufi ne ke shan mafi yawan dukanta. Sai ga shi yayin da ake ciki shi ne kwano mai duhu: baƙi, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu. Irin wannan kwano da tsakar rana zafin jikinsa yana iya kaiwa digiri 70. A ƙarƙashinsa an kafa silin siriri, an toshe ko'ina don kada tsuntsu ko jemage su shiga, sai sararin da ke tsakanin kwano da silin ya zama tukunya mai murfi. Zafin ba shi da hanyar fita sai ƙasa, kan mutanen da ke ɗakin.

Na taɓa hawa cikin silin wani gida a Jega da misalin ƙarfe biyu na rana don in nuna wa mai gidan abin da nake nufi. Ban iya yin minti uku ba. Da na sauko rigata ta jiƙe sharkaf, ya dube ni ya ce, "Malam, ashe abin da ke kanmu ke nan kullum?" Abin da muka yi wa gidan bai kai kuɗin esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, guda ba. Muka buɗe ramukan iska a kusurwoyin rufin biyu da ƙarƙashin bakin kwano, muka sa musu raga, domin iska mai zafi sama take yi, in ta sami ƙofa za ta fita. Muka shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon, da ɗan tazara tsakaninsu. In aka manna ta jikin wani abu ta kowane gefe ba ta aiki, sai fuskarta mai ƙyalli tana kallon sarari. Sannan muka shimfiɗa soson tare zafi a bayan silin. Wanda bai sayi kwano ba tukuna ya zaɓi fari ko mai haske. Wanda ya riga ya rufa da mai duhu, farin fenti na kwano yana rage zafi sosai, sai dai a wanke ƙurar hunturu kafin a shafa, a kuma sani cewa bayan 'yan shekaru zai nemi sabuntawa.

Wasu kan tambaye ni buntun shinkafa, tunda ga shi tuli a bakin injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi. Gaskiya ne yana tare zafi. Amma ban yarda a zuba shi tsurarsa a bayan silin ba, saboda ɓera da ƙwari, da kuma wayoyin wuta da ke bi ta nan. In za a yi, a ɗura shi busasshe cikin buhuna, a nisanta shi da waya, a tabbata katakon silin zai ɗauki nauyin.

Rufin kankare ma mutane suna ɗauka shi ne maganin zafi. Da rana ɗakin kan yi dama-dama, amma kankaren yana ta haɗiyar zafi ne, sai dare ya yi ya amayo shi. Maganinsa inuwa: a yi masa rumfar kwano a sama da tazarar da iska za ta ratsa, ko a jera fanel ɗin sola a ɗage su zama masa laima, ko aƙalla a shafe shi da farin fenti.

Sai yayin ɓoye rufi a bayan rawani, wato bangon da ake ɗagawa ya zarce kwano, gida ya tsaya kamar akwati ba baki ba baranda. A hoto yana da kyau. A ƙasa kuwa bango da tagogi suna tsaye tsirara, rana ta dake su, ruwan da hadari ke korowa daga gabas ya dake su. Bakin kwano da ya fito kamar santimita 60 zuwa mita guda yana inuwantar da bangon kudu da na arewa kusan duk tsakar rana. Wanda ya riga ya gina akwati, ya ƙara baranda ko 'yar rumfa a kan kowace taga.

Kuskure na gaba ana yin sa ne tun ranar da aka ja igiya aka zuba toka a fili. Ana juya gida ya kalli titi kawai, ba a tambayar ina rana take fitowa, ina take faɗuwa. Bangon gabas da na yamma su ne masu wahalar karewa, don rana tana shigo musu a kwance, bakin rufi ba ya tare ta. Ta yamma ta fi muni, domin tana zuwa ne bayan la'asar lokacin da komai ya riga ya ɗauki zafi. Abin da ya dace shi ne gida ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensa da manyan tagogi su kalli kudu da arewa. Ɓangaren yamma a ba shi banɗaki, sito, matakala, garejin mota. Na sha ganin zane inda babban ɗakin kwanan mai gida yake a kusurwar yamma da ƙatuwar taga ta gilashi, kuma mai zanen bai taɓa taka filin ba, daga wani gari aka aiko da shi a waya. In aikin gama ya gama, to a kare wannan bango daga waje: rumfa, zana, asabari, ko itace. Labule na ciki ba ya wadatarwa, don kafin hasken ya iso gare shi ya riga ya ratsa gilashi, zafin yana cikin ɗaki.

Game da gilashi, ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai in an yi musu inuwa. Kaɗan ne cikin maginanmu suka taɓa jin labarinta. Kuma taga mai ja gefe, wadda ta cika gari, rabinta kawai ke buɗuwa. Mai buɗewa waje ko luba ta fi ba da iska. Ɗaki kuma yana son taga biyu a bango daban-daban, ɗaya ta shigo da iska ɗaya ta fitar, in da hali da ƙaramar kafa can sama kusa da silin.

Amma samun taga daban, sanin lokacin buɗe ta daban. A bazara iskar tsakar rana ta fi ɗaki zafi, buɗe taga a lokacin gayyato wuta ne. Innata, Allah ya jiƙanta, tana rufe ɗakinta na soro da hantsi, ta saki asabari, ba ta buɗewa sai bayan magariba, sannan ta bar shi a buɗe har asuba. In muka bar ƙofa a sake da rana sai ta ce, "Kai ɗan nan, rufe mini, kada ka zubar mini da sanyin da na tara." Abin da injiniyoyi ke koyarwa ke nan a yau: bango mai kauri ya sha sanyin dare, ya riƙe shi da rana. A damina kuwa, da iska ta yi laima, sai a bar tagogi a buɗe, fanka ta yi aikinta.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini rai, wato yadda muka mayar da ginin ƙasa alamar talauci. Mutum zai rushe soron mahaifinsa mai kaurin bango kusan kamu guda, na tubali da azarar giginya, ya sa bulon siminti inci shida mai rami a ciki, wanda zafi ke ratsawa cikin 'yan sa'o'i. Bangon ƙasa mai kauri kuwa sai zafin rana ya yi sa'o'i da yawa yana tafiya a cikinsa, kafin ya iso ciki dare ya yi, an buɗe tagogi. Ga kuma batun hayaƙi. Ana yin siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,450, kamar yadda ake yi a Kalambaina ta Sakkwato, kuma iskar kabon, mai ƙara ɗumamar duniya, tana fita ta hanya biyu, daga man da aka ƙona da kuma daga dutsen kansa. Masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na wannan iska a duniya. Duk buhun da ka rage, ka rage wa aljihunka ka rage wa sararin sama.

Ba ina cewa a koma yadda ake yi jiya ba tare da gyara ba. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar nan ya san yadda gidajen ƙasa suka zube. Amma a duba dalilin: ba harsashin dutse ko kankare, bango ya tashi daga ƙasa kai tsaye yana tsotsar ruwa, indararo ya toshe, an shekara biyu ba a yi yaɓe ba. Ginin ƙasa ƙafarsa da kansa yake so a kare masa. A yi harsashi mai ƙarfi, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, a shimfiɗa ledar hana damshi, a ba shi rufi mai faɗin baki. Kuskuren da aka fi yi wajen gyaran tsohon soro shi ne a lafta masa filastar siminti kai tsaye. Siminti ba ya barin bango ya yi numfashi, damshi ya taru a bayansa, wata rana ya ɓalle faifai guda ya tafi da fuskar bangon. Magabata makuba suke sa wa, daga kwasfar ɗorawa, tana korar ruwa ba ta kulle damshi. Yanzu kuma akwai bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, ana zuba masa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Da irinsa Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, ya ɗaga kwano sama da silin na ƙasa don iska ta ratsa, kuma a 2022 ya karɓi Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini a duniya. Nan kusa da mu ma, a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa, da bulon ƙasa aka gina sabon masallaci aka mayar da tsohon ɗakin karatu. Ƙasarsu irin tamu ce, zafinsu irin namu.

Tsakar gida kuma kada a shafe ta duka da siminti ko intalok, a sare itacen da aka tarar don kada ganye ya zuba. Daɓen da ya wuni a rana yana hura wa ɗakuna zafi har tsakar dare. Dogon yaro ko mangwaro a yamma da gida, nesa da harsashi 'yan mitoci saboda saiwa, cikin shekaru kaɗan zai yi abin da na'ura ba za ta yi ba.

Sai bayan duk wannan ake maganar na'ura, kuma a nan ma ana ɓarna. Ana sa esi a ɗakin da ƙasan ƙofarsa ke da kafar da hannu zai shiga, tagogi ba sa haɗuwa, sanyin yana zurarewa. Ɗakin da za a sanyaya da na'ura shi ne ke bukatar a toshe kafofinsa da roba. Ana kuma murɗa esin zuwa digiri 16 da tunanin za ta fi saurin sanyi. Ba ta ƙara sauri, aiki kawai take yi ba hutu. A bar ta a 25 ko 26 tare da fanka, jiki zai ji daɗi. Injinta na waje kada a kafa shi a bangon yamma cikin rana, a kuma riƙa wanke ragar tace ƙura, musamman bayan hunturu. Mai doki ɗaya da rabi tana jan sama da wat 1,000, fankar silin kuwa wajen 70, don haka duk ɗakin da gyaran rufi ya sa fanka ta wadatar da shi, an rage fanel da batir masu yawa. Ƙwan fitila ma haka: na zamani mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60, kuma ba ya dumama ɗaki kamarsa.

Shi ya sa nake hana mutane sayen sola kafin su gyara gida. A fara da rufi, a bi da bangon yamma, a sauya ƙwayaye, sannan a zauna a lissafa abin da ya rage. Fanel ɗin a karkata su kaɗan su kalli kudu, a bar tazara a ƙarƙashinsu don zafi yana rage musu ƙarfi, a kuma kafa su inda za a iya kaiwa gare su da tsumma da bokiti. Daga Disamba zuwa Fabrairu a goge su aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.