Ga masu zuwa Madrid karatun ciwo ta hanyar adabi da zane

To jama'a tunda naji bana ma akwai masu tahowa irin kwas ɗin da nayi, bari in rage muku hanya. Farko ka tanadi amsar da zaka ba mutanen gida, dan ni har gobe kawuna tambayata yake wai yaushe zan fara duba marasa lafiya a can, in nace masa littattafai da zane muke karantawa dan mu gane mai ciwo sai ya min kallon wanda ya ɓarar da kuɗin jirgi.

Satin farko na takardu ne, boko sai daga baya. Kafin ka ba mai ɗaki ko sisi ka tambayeshi zai yarda kayi rajista da adireshin gidan? Shine empadronamiento, a ƙaramar hukuma ake yi, in babu shi komai naka tsayawa zaiyi. Sai katin zama, TIE, wanda ake so ka nema cikin wata ɗaya da shigowa, kuma ba'a zuwa kai tsaye sai ka kama layi ta intanet, cita previa suke cewa, ni saida na kwana tara ina dannawa da asuba kafin na samu. Abinci kuma ka haddace "sin cerdo" (banda alade) da "sin jamón" (banda yankan naman alade), ka faɗi duka biyun dan wani a wajensa yankan naman alade a kan wake ba nama bane ado ne. Unguwar Lavapiés akwai mahauta na halal da shagunan ƴan Senegal, Juma'a kuma akwai babban masallacin da ake kira na M-30.

Yanzu karatun. Abinda zai fara baka wuya shine kallo. Ranar nan malama ta haska mana zanen Ribera na 1631, wata mata Magdalena Ventura da gemu har ƙirji tana shayar da jariri, rubutun dake jikin zanen yace tana shekara 37 gemun ya fara fito mata. Ni da rawar kai irin ta wanda ya fito daga asibiti nan take na ɗaga hannu na fara zuba sunayen cututtukan da kan jawo haka. Ta barni na gama tsaf sannan tace, to mijin fa? Wallahi ban ma ganshi ba. Yana tsaye a bayanta cikin duhu, fuskarsa irin ta mutumin da unguwa ta gama zundensa, ita kuma ta kafe ka da ido ko gezau. Minti arba'in mukayi akan fuskokin nan biyu, sunan cuta bai sake fitowa ba, naji kunya ranar ba kaɗan ba.

Ka mayar da Prado, babban gidan adana zane na Madrid, gidanka. Awa biyun ƙarshe na kowace rana kyauta ne, sai dai layi. Kar kace zaka gama shi rana ɗaya, ɗaki ɗaya ya isheka. Je ka tsaya gaban baƙaƙen zanen Goya, waɗanda yayi a bangon gidansa tsakanin 1819 da 1823, ka tuna mutumin ya kurmance tun wajen 1793 bayan wata doguwar jinya. Kuma in faɗa maka gaskiya akwai tsiraici birjik a gidan, mu da muka taso da kunya ranar farko sai kaji kamar ka nutse, in wani aiki yafi ƙarfinka ka samu malamin a gefe ka faɗa masa, nawa dai sun saurareni.

Yare kam kar ka yaudari kanka, Sifaniyancin siyan burodi bazai karanta maka Pío Baroja ba, likita ne da ya ajiye aikin ya koma rubutu, littafinsa na 1911 akan wani ɗalibin likitanci a Madrid da wuya ka tsallake shi. Fara tun kana gida, shafi biyu kullum da ƙamus.

Abinda yafi min daɗi, mahaifin Cervantes, shahararren marubucin nan na Sifaniya, wanzami ne. Eh wanzami, mai zubda jini da cire haƙori. Da na faɗa a aji cewa mu har yanzu muna dasu, ga ƙaho ga cire beli ranar suna, sai aji ya juyo kaina da tambayoyi, daga nan ma na samu abinda na rubuta aikina na ƙarshen zango akai. In ka samu Asabar ka hau jirgin ƙasa daga tashar Atocha zuwa garin Alcalá de Henares, bai kai awa ba, gidan da akace nan aka haifi Cervantes yana manne da wani tsohon asibiti na 1483. In kuma kaji malami yana ta Abulcasis Abulcasis kar ka ruɗe, Az-Zahrawi ne, likitan Musulmi na Ƙurɗuba, mai littafin nan juz'i 30 da na ƙarshensa yake cike da zanen kayan tiyata, ni saida akayi sati biyu ana kiran sunan kafin na gano wa ake nufi.