Yadda Ake Sabunta MySQL a Kan Ubuntu LTS Domin Tsaro

A ƙaramin asibiti ko ofishin ƙungiyar manoma a ƙauyukan Gumel da Haɗejia, ba wuya a tarar da kwamfuta mai riƙe da rumbun bayanan MySQL a kan tsarin sarrafa kwamfuta na Ubuntu 22.04 LTS (samfuri mai tallafi na dogon lokaci), wadda ba a sake taɓa ta ba tun ranar da aka kafa ta. Alhali kuwa kamfanin Oracle, mamallakin MySQL, yana toshe kafofin kutse sau huɗu a shekara, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, tallafin wannan Ubuntu kuma yana nan har shekarar 2027.

Kafin komai a kwafe bayanan, domin a jerin MySQL 8.0 ba kullum ake iya komawa tsohon samfuri bayan an hau sabo ba, wani lokaci sai dai a maido daga ajiya:

sudo mysqldump --all-databases --single-transaction > ajiya.sql

A ɗora ajiyar a kan filashi, a cire shi, domin ajiyar da ta kwana cikin kwamfutar da ake yi wa aiki ba ta da wani amfani idan faifan ya lalace.

Daga nan sai maganar wuta da intanet, waɗanda su ne ainihin matsalar karkara. A saukar da ƙunshin sabuntawar da dare ko da asuba, lokacin da sabis ya fi ƙarfi, ba tare da an girka ba:

sudo apt update
sudo apt install -d --only-upgrade mysql-server-8.0 mysql-client-8.0

Girkawar kuwa a bar ta sai da rana tsaka, bayan batirin sola ya cika kuma ma'aikata sun dakatar da shigar da bayanai, saboda uwar garken MySQL, wato manhajar da ke riƙe da bayanan, za ta tsaya na ɗan lokaci. A maimaita umarnin sudo apt install ɗin, amma a cire -d. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sudo dpkg --configure -a ne ke ƙarasa abin da ya yanke.

Tun daga 8.0.16 uwar garken ce ke gyara teburanta da kanta idan ta tashi, saboda haka tsohon umarnin mysql_upgrade ya zama tarihi.

Abin da aka fi mantawa shi ne tantancewa. Umarnin mysql --version lambar manhajar shiga kaɗai yake nunawa. Ta uwar garke sai an shiga an rubuta SELECT VERSION(). Sannan a ga ko sun dace. Idan ta ƙi tashi, dalilin yana rubuce a /var/log/mysql/error.log.