Kurakuran da Matasanmu Ke Yi Wajen Sayen Garin Gina Tsoka a Legas

Duk wanda yake bi ta Agege ko Idi-Araba ko Obalende bayan an idar da sallar asuba zai ga yadda ɗaga ƙarfe ya samu karɓuwa a wurin matasan Hausawa mazauna Legas. Wasu suna biyan kuɗin wata a gidajen motsa jiki, wasu suna zuwa filin wasa na ƙasa da ke Surulere, wasu kuma siminti suka zuba a gwangwanaye biyu suka soka ƙarfe a tsakani, suna ɗagawa a bayan shago. Ba a daɗewa da farawa sai zancen gari da ƙwayoyi ya shigo, domin kowa yana so kafaɗarsa ta cika riga kafin ya je gida hutun salla. A nan ne ake tafka kurakurai, wasu aljihu kaɗai suke taɓawa, wasu kuwa har hanta da ƙoda.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar ƙirjin mai sayarwa a matsayin shaida. Matashi zai ga wani ƙato a wurin atisaye, ko a Instagram da TikTok, yana riƙe da roba yana cewa ita ce sirrinsa, sai ya biya ba tare da ya tambayi shekara nawa mutumin ya yi yana ɗaga ƙarfe ba, ko me yake ci, ko wane irin jiki ya gada, ko kuwa akwai allurar da yake yi wadda ba zai faɗa ba. Sau da yawa ma kocin da ke ba da shawarar shi ne mai kayan, kuma wanda zai ci riba a cinikin ba shi ne zai faɗi aibin haja ba. Gyaran wannan shi ne a raba tambayoyi biyu da ake cakuɗawa, a nemi amsar kowace daban: shin abin da aka rubuta a jikin robar shi ne a cikinta, sannan shin abin da aka rubuta ɗin yana ƙara tsoka da gaske?

A tambaya ta farko, mutane da yawa suna samun natsuwa da zarar an ce musu kayan daga Amurka aka kawo su. Sai dai dokar da Amurka ta kafa a 1994 ba ta tilasta wa masu yin ƙarin abinci su nemi amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, kafin su kai kasuwa ba, kamar yadda ake yi wa magani. Galibi sai bayan ɓarna ta bayyana hukumar take shiga, kamar yadda ta haramta ganyen ifidira a 2004 bayan an danganta shi da bugun zuciya da mace-mace, da kuma yadda aka janye wani ƙarin abinci a 2013 bayan mutane da dama a Hawayi sun kamu da ciwon hanta. Wani ɗakin gwaje-gwaje a birnin Kolon na Jamus ya taɓa auna kaya 634 da aka saya a ƙasashe 13 tsakanin 2000 da 2001, sai aka tarar da 94 daga cikinsu, wato kusan kashi 15 cikin ɗari, suna ɗauke da sinadaran sitiroyid, masu aiki irin na sinadarin maza, da ba a rubuta a jikinsu ba. Waɗannan fa kaya ne da aka saya a Turai da Amurka, kafin a zo maganar jabu da ake kwaikwayo a wasu wurare.

A nan gida, abu na farko da za a duba shi ne lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Amma buga lamba a takarda ba wuya ba ne, don haka ganinta kaɗai bai isa ba. Hukumar tana da kundin kayan da ta yi wa rajista a intanet mai suna Greenbook, kuma ya kamata mai saye ya duba ko lambar ta dace da sunan kayan da kamfanin da ya yi su. Ko an samu ta dace, ma'anarta ita ce an yi wa kayan rajista, ba wai hukuma ta yi alkawarin za su fito da damtse ba. Akwai kuma hatimin masu gwaji masu zaman kansu, irin su NSF Certified for Sport da Informed Sport, waɗanda ake iya tabbatar da kayan a shafukansu ta lambar rukunin da aka buga a gindin roba. Ɗan wasan da ke shiga gasa ya fi kowa bukatar wannan, domin a dokar WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, duk abin da aka samu a fitsarinsa shi ke da alhakinsa, ko ya san ya sha ko bai sani ba. Garin da ake auna wa mutum a leda daga buɗaɗɗiyar roba kuwa, wai don a sauƙaƙa masa farashi, ba shi da lamba, ba shi da ranar lalacewa, ba shi da wanda za a kama, kuma a ganina ko kyauta aka ba da shi bai cancanci a haɗiye ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne rashin yin lissafi. Abin da bincike ya tsaya a kai shi ne mai ɗaga ƙarfe yana cin moriyar furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, har zuwa kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, kuma abin da ya wuce haka amfaninsa kaɗan ne. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 112 ko kusa da haka, daga dukan abin da ya ci tun safe har dare. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, dafaffen naman kaza giram 100 yana da kusan 30, ga wake da awara da ƙuli-ƙuli da kifi da nono da kilishi, waɗanda babu wanda ba a samu a Mile 12 ko Agege. Yanzu a ɗauki robar garin furotin da ake tacewa daga madara, mai giram 900, wadda ludayinta ɗaya giram 30 ne, mai furotin giram 24. Ludayi 30 ke nan, furotin giram 720, daidai da ƙwai 120, wato kiret huɗu. Mai saye ya tambayi kuɗin kiret huɗu a ranar, ya kwatanta da kuɗin robar, shi da kansa zai ga wanda ya fi. Garin yana da nasa amfani ga wanda aikinsa ba ya ba shi damar zama ya ci abinci, kamar direba ko mai gadi ko wanda cunkoson hanya ke cinye wa rabin yini, amma abinci ne mai sauƙin ɗauka, ba wani sirri ba.

A wajen wannan lissafin ne ake gane manyan buhunan nan da ake kira masu ƙara nauyi. Girmansu yana ruɗar ido, alhali mafi yawan abin da ke ciki sitaci ne da suga, kuma idan aka karanta za a ga awo ɗaya nasu ya kai ludayi da yawa, don haka buhun ba ya daɗewa. Wanda ya dama fura da nono, ko kunun gyaɗa mai kauri, ya haɗa da ƙwai biyu, ya samu abin da ya fi wannan a farashi ƙasa. Akwai ma wata dabara ta algus da ya kamata a sani. Gwajin da aka saba yi ba furotin yake aunawa kai tsaye ba, sinadarin naitirojin yake aunawa, shi ya sa wasu ke zuba abubuwa masu arha irin su gilaisin da torin don lamba ta hau. Irin wannan giɓin ne aka bi a Sin a 2008 aka zuba melamin a madarar jarirai, yara kusan dubu 300 suka kamu da rashin lafiya. Idan aka ga garin furotin yana da arha fiye da kima, ko kuma an tara sinadarai da yawa ƙarƙashin suna ɗaya mai daɗin ji ba tare da an faɗi nauyin kowane ba, to a ajiye shi.

A tambaya ta biyu, wato me ke aiki da gaske, jerin gajere ne. Bayan furotin, abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne kiriyatin, nau'in da ake kira monohaidiret, giram 3 zuwa 5 a rana. Yana taimaka wa tsoka ta ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu kafin ta gaji, kuma wannan ƙarin ne yake taruwa a hankali. Kilo ɗaya ko biyu da ake gani a sikeli a makonnin farko ruwa ne da tsoka ta riƙe, kada a yi murna da wuri. Nau'o'insa masu tsada ba su nuna sun fi na asali ba, kuma ninka awo ba ya ninka sakamako, sai dai ya ɓata ciki. Mai shan sa ya faɗa wa likita idan za a yi masa gwajin ƙoda, domin yana iya ɗaga ma'aunin kiriyatinin a jini. Su kuwa BCAA, wato wasu ɓangarorin furotin da ake sayarwa daban, ga wanda ke samun isasshen furotin, da ƙwayoyin tsirrai da ake cewa suna ƙara sinadarin maza, kuɗin da aka kashe musu ya fi amfani a wurin mai nama.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne rashin bambance ƙarin abinci da magani. A kan teburi ɗaya ake jera garin furotin da ƙwayar Dianabol da allurar testostiron ko nandirolon, kamar duk dangi ɗaya ne, alhali waɗannan na ƙarshe magungunan sitiroyid ne masu ƙarfi. Babu amfanin a ɓoye cewa suna ƙara tsoka, domin wanda aka yi wa ƙarya a nan ba zai yarda da sauran bayanin ba. Amma idan jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje sai ya daina yin nasa, maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu ƙwarai, wasu mazan nono ya fito musu, ga ƙuraje da saurin fushi da hawan jini da kaurin tsokar zuciya, kuma nau'in da ake haɗiya ya fi cutar da hanta. Saurayin da ke shirin aure yana iya samun jikin da yake so ya rasa haihuwar da za a jira daga gare shi, kuma farfaɗowa bayan an daina takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da haka. Idan aka haɗa da yin allura a ɗaki da sirinji ɗaya tsakanin abokai, an buɗe ƙofar ciwon hanta na B da C da ƙanjamau. Akwai kuma waɗanda ake kira SARMs, masu kwaikwayon aikin sitiroyid, da ake tallatawa a matsayin masu sauƙi. Wani bincike da aka buga a 2017 ya auna irinsu 44 da aka saya ta intanet, sai aka ga kusan rabi ne kawai ke ɗauke da abin da aka ce.

Na kusa da mu ma shi ne maganin ƙiba da ake saya a kemis ko a hannun masu talla, wanda galibi deksametason ne da saifuroheftadin. Na biyun yana buɗe ciki ya kawo barci. Na farkon kuwa sitiroyid ne, amma ba irin mai gina tsoka ba, hasali ma zaizaye ta yake yi. Kumatu su cika, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, mutum yana ganin ya yi ƙiba alhali kumburi ne da kitse. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne, sai ya je asibiti a rage masa a hankali.

Garin da ake sha kafin atisaye kuwa kusan duk ƙarfinsa kafeyin ne. Iyakar da hukumomin lafiya suka ba baligi mai lafiya ita ce kimanin miligiram 400 a rana, kuma ludayi ɗaya na wasu yana kai 300. Mu kuma ga goro, ga shayi mai kauri da Nescafé a wurin mai shayi, ga lemon ƙara kuzari. Wanda ya sha da yamma ya kasa barci ya rushe abin da ya gina, tunda a lokacin hutu ne tsoka take girma.

Akwai abin da masu sayarwa ba su cika ambata ba, wato halacci. Kwanson wasu ƙwayoyi da jelatin ake yin sa, wanda yana iya fitowa daga alade, don haka mai kula da wannan ya nemi hatimin halal ko kwanson da aka yi da tsirrai. Damshin Legas ma abin lura ne, domin garin da aka bari a buɗe yakan dunƙule ya canza wari, musamman da damina, kuma robar da ta yini a rana a bakin titi ba ɗaya take da wadda aka adana a inuwa ba. Da azumi, kiriyatin da furotin sai bayan buɗa baki ko da sahur, tare da ruwa isasshe.

Mai hawan jini ko ciwon suga ko matsalar ƙoda ko hanta, da wanda bai kai shekara 18 ba, kada ya fara komai sai ya ga likita, haka ma wanda ya saba haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su diklofenak bayan dako ko atisaye, domin su kansu suna wahalar da ƙoda. Kuma a riƙa fara abu ɗaya a lokaci guda, don idan matsala ta taso a san daga ina take. Wanda ya ga idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko ƙafarsa ta kumbura, ko zuciyarsa tana bugawa ba daidai ba, ya dakatar da garin ya tafi asibiti a ranar, ya kuma ɗauki robar da duk ƙwayoyin da yake sha ya nuna wa likita, har da waɗanda yake jin kunyar ambata.